In bar GT86 tawa in koma Cayman ko Supra? Ina neman shawara

Direba_86:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu son mota. Shawara nake nema kuma ina so a gaya min gaskiya ko da ba za ta min daɗi ba. Ina da Toyota GT86 ƙirar 2014, manuwal, na daɗe da ita kuma babu bashin kowa a kanta, ban da sabis da taya da birki ba ta taɓa cin kuɗina ba. To amma kwanan nan raina ya fara biya min wadda ta fi ta ƙarfi, ƙarfin injinta na doki 200 ɗin nan na saba da su har na daina jinsu, in na taka totur a miƙaƙƙiyar hanya sai in ji kamar akwai sauran abin da ya kamata ya zo. Motoci biyu ne a raina, Porsche Cayman 981 mai injin 2.7 wadda aka yi amfani da ita, ko kuma GR Supra mai 3.0. Wani dillali ya ce zai karɓi tawa in yi ciko, cikon kuwa ba ƙarami ba ne zai cinye mafi yawan abin da na ajiye. Duk wanda ya taɓa yin irin wannan canjin dan Allah ya faɗa min yadda ya ji bayan ɗokin sabuwar mota ya wuce, shi ne abin da na fi son sani.

Kawu_Totur:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa, ka tuƙa su duka biyun ko a waya kawai kake kallonsu?

Direba_86:
Kawu na tuƙa Supra na ɗan lokaci dillalin yana zaune a gefena. Cayman ban taɓa shiga ba tukuna.

Kawu_Totur:
To ɗana kada ka sa hannu a komai sai ka shige ta. Waɗannan motocin biyu ba abu ɗaya suke yi ba, in har dukansu suna ranka to alama ce ba ka gama tantance me kake nema ba.

Injiniya_Boxer:
Maganar Kawu gaskiya ce kuma bari in ƙara da lissafi. Abin da kake ji a GT86 ba a ranka yake ba kawai, sananne ne a injin FA20 da ke cikinta, ƙarfin jansa yana ɗan faɗuwa a tsakiya wajen rpm 4,000 (juyin inji a minti ɗaya) sannan ya dawo, kuma ƙololuwarsa Nm 205 ne (Nm ma'aunin ƙarfin ja ne) wanda ba ya zuwa sai ka haura 6,000. Shi ya sa in kana giya ta biyar ko ta shida ka taka sai ka ji shiru, dole sai ka sauko giya biyu ka bar injin ya yi kuka. Yanzu duba Cayman 2.7, doki 275 ne amma ƙarfin jansa Nm 290 kuma shi ma sai daga 4,500 yake cika, babu turbo, wato shi ma injin ne mai son a kai shi sama. Ya fi naka nesa ba kusa ba amma halinsu ɗaya, in ka taka a ƙasa-ƙasa ba zai manna ka da kujera ba. Supra kuwa Nm 500 take bayarwa tun daga rpm 1,600, kana ɗora ƙafa ta tafi. Saboda haka tambayar ita ce, wannan turin na baya kake nema ko kuwa kana son irin tuƙin da kake yi yanzu ne amma a mota mafi inganci? In na farko ne Cayman 2.7 ba za ta kashe maka ƙishirwa ba.

DanTsere:
Malam ba sai an ja magana ba Supra kawai. Daga tsaye zuwa kilomita 100 a daƙiƙa 4.3, taka 7.6, wannan ba ƙari ba ne wata duniya ce daban. Cayman 2.7 manuwal 5.7 take yi. In zaka fitar da kuɗi ka fitar inda zaka ji bambancin a jikinka tun ranar farko.

Yaya_Manuwal:
DanTsere ka manta ka gaya masa Supra ɗin BMW ce a ciki, injin B58 na BMW, kuma a Graz ta ƙasar Ostiriya aka haɗa ta tare da BMW Z4. Sannan waɗanda suka fara fitowa daga 2019 duk otomatik ne, sai a 2022 Toyota ta kawo mai giyar hannu. Mutumin da ya saba da kuloci a GT86 in ka ɗauke shi ka sa shi a otomatik mai giya takwas wallahi rabin daɗin ya tafi. Direba_86 wadda ka gwada wace iri ce?

Direba_86:
Otomatik ce Yaya, ta 2020. Manuwal ɗin ta fi ƙarfin aljihuna gaskiya.

DanTsere:
To in BMW ce sai me? B58 ai yabo ne ba zagi ba, injin silinda shida a jere da kowa ya yarda da shi. Kuma injiniyan da ya jagoranci GT86 wato Tetsuya Tada shi ne ya jagoranci Supra ɗin, ba baƙo aka ɗauko ba. Giyarta ta otomatik ɗin nan ta kamfanin ZF ta fi hannun kowa a nan sauri.

Abu_Sadik:
Ni dai shawarata ka guji Porsche tsohuwa, na sha karanta matsalar IMS ɗin nan, wato lalacewar mazaunin wata sanda mai juyawa a cikin injin, da take kashe injin gaba ɗaya lokaci guda. Mutum yana tafiya lafiya lau sai injin ya watse.

Bakanike_Dattijo:
Abu_Sadik wannan maganar ba ta shafi motar da yake magana a kai ba. Matsalar IMS ta tsofaffin injinan Boxster da 911 da Cayman na farko ce, daga ƙirar 2009 aka canza injin aka cire wannan sandar gaba ɗaya, ita kuwa 981 daga 2013 zuwa 2016 aka yi ta, babu IMS a cikinta sam. Kada a tsorata yaro da abin da babu.

Amma akwai abin da ya kamata ya tsorata da shi wanda ba kowa ke faɗa ba, wato kuɗin riƙe motar bayan an saya. Ɗana Direba_86, tayoyinka yanzu 215/45 R17 ne duka huɗun girmansu ɗaya, kana iya juya na gaba su koma baya su daɗe. Cayman na gaba 235 na baya 265 a kan inci 18, Supra 3.0 kuwa 255 a gaba 275 a baya a kan inci 19, ba a juya su, kuma na bayan su ne ke saurin cinyewa musamman a Supra in ƙafarka tana da nauyi. Birki haka, faifan ya fi girma ya fi tsada. Sannan injin Cayman a tsakiya yake bayan kujeru, ba bonet zaka buɗe ka gan shi ba, sai an cire kafet da murfi ko a ɗaga motar a shiga ta ƙasa, aikin da zai ɗauki ɗan lokaci a motarka a can sai ya ninka kuma kuɗin aiki da lokaci ake lissafa shi. Ko sandar duba baƙin mai babu, a allon gaban direba kake gani. Ba wai motar ba ta da aminci ba ne, tana da shi, sai dai duk abin da ya taso da farashin sabuwar Porsche ake sayar maka da kayan gyaransa ba da farashin da ka saye ta ba.

In ka nace sai ita to ka kai ta wurin wanda ya san irinta wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, a ɗaga ta a duba ƙasa, a sa kwamfuta a karanta rahoton da take ajiyewa na lokutan da injin ya wuce iyakar juyinsa. Porsche tana rubuta wannan a matakai shida, a manuwal shi ne zai nuna maka ko mai ita na da ya taɓa kuskuren giya yana cikin gudu. A kuma nuna maka takardun sabis. In dillali ya hana ka wannan to sayen kifi a ruwa yake so ka yi, ka bar masa kayansa.

Abu_Sadik:
Na gode Baba da gyara. To ai ko ba IMS lissafin da ka jero ma ya isa mutum ya yi tunani sau biyu.

Ummu_Hanan:
Ni tambayata daban ce. Ƙanena kana da iyali? Duk motocin nan biyu kujera biyu ne kacal fa. GT86 ko ba komai tana da ƙananan kujeru a baya, babba ba zai ji daɗinsu ba amma kujerar yaro tana shiga, kuma in ka kwantar da su kaya suna shiga sosai. Ni da maigidana muna da Subaru BRZ wadda ita ce 'yar uwar taka, abin da ya sa har yau ba mu rabu da ita ba kenan, muna fita mu uku da 'yarmu a mota mai daɗin tuƙi. Ranar da ka koma kujera biyu sai dai ka zaɓi mutum ɗaya.

Direba_86:
Anti ina da mata da ɗa ƙarami, akwai wata motar ta gida da muke hidima da ita. Amma kin taɓo wani abu, yaron yana son shiga wannan ɗin fiye da waccan, da ya ji na tayar da ita yake rugowa. Ban sa wannan a lissafi ba.

Ummu_Hanan:
To ka sa. Kuma ka tambayi maiɗakinka ra'ayinta kafin dillali, kuɗin ajiyar nan ai na gida ne.

Mai_Silinda6:
Bari a ji daga wanda ya yi canjin don kada duk a taru a hana shi. Ni daga ƙaramar mota mai silinda huɗu na koma Cayman S 981 mai 3.4, doki 325, kuma har yau in na ajiye ta sai na waiwaya na kalle ta. Abin da lambobi ba za su gaya maka ba shi ne inda injin yake, nauyin yana tsakiya a bayan kafaɗarka, in ka shiga kwana gaban motar ba shi da nauyin da zai ja ka waje, kana juya sitiyari tana bi kamar ta san inda kake kallo, kuma birkinta wani abu ne daban, zaka taka sau da yawa a jere feda bai yi laushi ba. Sai ƙarar injin, silinda shida kwance babu turbo yana hawa sama da 7,000 a bayan kunnenka, ni wannan kaɗai ya biya ni. Maganar kaya kuma but biyu gare ta, lita 150 a gaba 275 a baya, mutum biyu za su yi tafiyar kwanaki ba matsi. Baba Bakanike bai yi ƙarya ba a kan kuɗin riƙewa, ina biya kuma ina ji a jikina, amma na shiga da idona a buɗe na ware kuɗin gyara tun kafin in saya. Abin da zan ce kawai in zaka yi to ka daure ka nemi S, saboda dalilin da Injiniya ya faɗa, 2.7 tana da daɗi amma kai ƙarfi ka ce kana nema.

Injiniya_Boxer:
Ko kuma 718 da ta gaje ta a 2016, mai 2.0 turbo, doki 300 da Nm 380 tun ƙasa da rpm 2,000. Ita ce ta haɗa tsarin Cayman da turin da yake so.

Mai_Silinda6:
A takarda haka ne Injiniya amma silinda huɗu ce, ƙarar ba ɗaya ba ce ko kusa, mutane sun yi ta ƙorafi a kan haka har Porsche ta dawo da silinda shida a GTS 4.0 a 2020. Wanda zai bar boxer mai huɗu, wato inji mai silinda a kwance irin na GT86, ya biya ciko mai yawa ya sake komawa boxer mai huɗu, ni ban ga hikimar ba.

Alhaji_Tsohon_Hannu:
Na karanta duk abin da aka rubuta, zan faɗi nawa a matsayin wanda ya girme yawancinku. Na taɓa riƙe ƙaramar mota mara nauyi irin taka, daga baya na koma wata mai doki sama da 400 wadda har yanzu tana wurina kuma ina sonta, ba zan ɓata ta ba. Sai dai tuƙina ya canza kuma wannan ne nake so ka sani tun yanzu. A ƙaramar ina amfani da injin gaba ɗaya, giya ta biyu har ƙarshe, ta uku har ƙarshe, ina jin motar tana aiki ni ma ina aiki, kuma duk da haka ban yi nisa da ƙa'idar gudu ba. A babbar kuwa in na taka sosai na daƙiƙa huɗu ko biyar na riga na wuce duk wata doka ta hanya, dole in ɗaga ƙafa, saboda haka yawancin lokaci kashi ɗaya cikin huɗu na totur nake takawa, sauran ƙarfin yana nan ina biyan inshorarsa da mansa da tayarsa amma ba inda zan kai shi sai filin tsere. Doguwar tafiya kam babu kamarta, wuce babbar mota a hanya abu ne na ƙiftawar ido kuma wannan ma tsaro ne. To ka duba hanyoyin da kake bi kullum, in masu lanƙwasa ne gajeru taka ta fi dacewa da su fiye da yadda kake zato, in kuwa dogaye ne miƙaƙƙu to ƙorafinka yana kan hanya. Sannan ka tuna sabon da ka yi da doki 200 haka zaka yi da 340 na Supra, jiki yana sabawa da gudu da wuri, abin da ba a sabawa da shi har a gaji shi ne yadda mota take amsa hannu.

DanTsere:
Ranka ya daɗe da girmamawa amma wannan maganar masu ita sun riga sun ɗanɗana ne suke hana na baya. Ku bar shi shi ma ya ɗanɗana, in ya gaji ya dawo.

Alhaji_Tsohon_Hannu:
Ban hana shi ba ɗana. Dawowar ce take da tsada, kowane canji akwai ribar dillali a ciki sau biyu, wajen karɓar taka da wajen sayar maka da tasa.

MX5_Har_Abada:
Tunda Alhaji ya buɗe ƙofar bari in shigo. Me ya sa kullum in an ce canji sai a kalli sama? Gwada Mazda MX-5, wadda aka gyara injinta a 2019 ta koma doki 181 tana juyawa har 7,500, nauyinta kaɗan ya haura tan ɗaya, wato ta fi GT86 sauƙi da kusan kilo 200, ga rufi yana buɗewa da hannu ɗaya. Tun 1989 ake yin motar nan, a 2016 ta cika miliyan ɗaya, ba a banza ba. Wataƙila ba rashin ƙarfi ne ya ishe ka ba sabon yanayi kake so.

Yaya_Manuwal:
Giyar MX-5 kam babu ta biyunta, gajeriya tana shiga da ƙas. Amma mutum ya ce ƙarfi yake nema ka kawo masa wadda ta fi tasa ƙarancin doki, kuma ita ma kujera biyu ce, maganar Ummu_Hanan tana nan.

Sabon_Shiga22:
Ni mamaki nake har yanzu ba wanda ya ambaci GR86. Ita ce ta gaji taka, injin ya koma 2.4, doki wajen 230, Nm 250 kuma yana cika tun 3,700, wato daidai wurin da tsohuwar take yin sanyi nan aka cike. Daƙiƙa 6.3 zuwa 100 a manuwal. Kujerun baya suna nan, nauyi kusan ɗaya, kayan gyara ba na Porsche ba, makanikin da ya san taka zai san wannan. Cikon ma ba zai kai na waɗancan ba.

DanTsere:
Ya sayar da 86 ya sayi 86? Bayan wata biyu zai dawo nan da tambaya iri ɗaya.

Injiniya_Boxer:
Ba lallai ba. Ƙarin doki 30 a takarda kaɗan ne amma inda aka sa ƙarfin ne ya canza, kuma ƙorafinsa na farko a kan tsakiya ne. Ni na ga shawarar Sabon_Shiga tana da ma'ana. Akwai ma hanya ta huɗu, ya riƙe tasa ya gyara ta. An san cewa canza bututun hayaƙi na farko da ke fitowa daga injin tare da sake saita kwamfutar motar yana cike mafi yawan wannan ramin na 4,000. Sannan taya, motar nan daga kamfani da Michelin Primacy ta zo, taya ce mara kamu sosai da gangan don bayan motar ya riƙa zamewa cikin sauƙi, in har irinta ce a ƙafarka ka sa mai kamu ka sa birki mai kyau ka gyara alaimen zaka ji kamar wata mota ce. Duk wannan bai kai kashi kaɗan na cikon da ake nema a wurinka ba.

Bakanike_Dattijo:
A yi hattara da wannan. Saitin kwamfuta in ba gwani ya yi ba injin ne zai biya, kuma dole ka sanar da kamfanin inshora abin da ka canza in ba haka ba ranar da abu ya faru su ƙi biya. A wasu ƙasashen ma taɓa bututun hayaƙi yana hana mota cin gwajin hayaƙi. Kuma kuɗin da ka zuba a gyare-gyare ba ya dawowa ranar sayarwa, masu saye sun fi son wadda ba a taɓa ba, ka ajiye kayan asali in ka cire. Taya da birki da alaimen kam na yarda ɗari bisa ɗari. Turbo ko sufacaja a kan wannan injin ban ba da shawara ba ga mai neman kwanciyar hankali.

Malama_Lissafi:
Ni ba gwanar inji ba ce, ɓangaren kuɗin zan taɓa. Abu na farko da ya tsaya min a rubutunka shi ne cewa cikon zai cinye mafi yawan ajiyarka, sannan motocin da kake so su ne masu buƙatar a sami ajiya a gefe. Wannan haɗin ne ba na so. Mai_Silinda6 ya faɗa da bakinsa ya ware kuɗin gyara kafin ya saya, kai kuwa da kuɗin gyaran zaka saya. Na biyu kada ka bari dillali ya haɗe maka lissafi wuri ɗaya ya ce kawo kaza ka ɗauka, ka sa ya faɗi nawa yake sayar da tasa in babu musaya, sannan nawa zai sayi taka in ba ka sayi komai ba, a nan zaka ga inda ribar ta ɓuya. Mota manuwal mai tsafta da takardun sabis wadda ba a yi wa gyare-gyare ba tana da masu nema, in ka sayar da kanka yawanci zaka samu fiye da tayinsa sai dai ka yi haƙurin masu zuwa kallo. Na uku ka kira inshora ka ba su bayanan motocin biyu su faɗa maka na shekara tun kafin ka yanke, ka tambayi kuɗin taya huɗu da babban sabis, ka tara ka raba wata-wata ka ga ko zaka iya ba tare da gida ya ji ba.

Yaya_Manuwal:
Ƙari a kan na Malama, in dai zaka sayar da manuwal to ka sayi manuwal, suna ƙarewa a kasuwa. Corvette ta 2020 ma ba a yi ta da kuloci ba sam.

DanTsere:
Saboda giyoyin otomatik irin su PDK ta Porsche da ZF sun fi sauri shi ya sa. Ba wanda ke cin tsere da tausayin kuloci.

Yaya_Manuwal:
Wa ya ce maka tsere zai je? Aiki zai je ya dawo ya fita yawo ranar hutu.

Kawu_Totur:
Ku biyun nan ku buɗe naku zauren na giya, kullum sai kun kawo mu nan. Direba_86 ina aka kwana, ka je ka gwada?

Direba_86:
Na je Kawu, na samu wani mai 2.7 manuwal ya bar ni na tuƙa sosai har kan hanya mai kwana. Injiniya ya yi gaskiya, a ƙasa ba ta ture ni kamar Supra ba, in na taka a giya ta shida sai ta ɗan jira. Amma Mai_Silinda6 ma ya yi gaskiya, da na bar ta ta haura 5,000 na ji ƙarar nan a bayana sai da tsigar jikina ta tashi, kuma a kwana ta zauna daram ba irin wasan da bayan tawa yake yi ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne da na koma cikin tawa zan tafi gida ban ji ta zama ƙarama a idona ba, sitiyarinta da sauƙinta suna nan da daɗinsu. Supra inaga na cire ta, gudun ya burge ni amma ba na jin zan iya rabuwa da kuloci kuma ban ji daɗin yadda ake gani waje daga ciki ba. Na yi magana da maiɗakina ta ce ba ta hana ni ba amma kada a taɓa fiye da rabin ajiya, da wannan sharaɗin S ba za ta samu ba yanzu. Saura ko in jira in ƙara tari, ko GR86, ko in sa taya in zauna. Akwai wanda ya san BMW M2 ta farko? Na ga tana da kujeru huɗu.

Injiniya_Boxer:
M2 ta 2016 injin N55 ne 3.0 turbo doki 370, Competition ta 2018 ta koma S55 doki 410, duka ana samunsu da manuwal kuma kujerun baya na gaske ne yaro zai zauna har ya girma. Tana da turin da ka fara nema. Sai dai nauyinta wajen tan ɗaya da rabi ne kuma zaman direba ya fi tsayi, ba a ƙasa kake ba kamar 86 ko Cayman, bayan abin da ka faɗa yanzu game da sauƙin taka ina shakkar ko za ta kwanta maka. Taya da birki kuma lissafin Baba Bakanike ne dai.

Mai_Silinda6:
Ni na ce ka jira S. Wanda tsigar jikinsa ta tashi a 5,000 ba GR86 ce za ta warkar da shi ba.

Sabon_Shiga22:
Bai tuƙa GR86 ba tukuna fa, ƙa'idar da Kawu ya kafa a farko ta hau kanta ita ma.

Ummu_Hanan:
In zaka gwada GR86 ko M2 ɗin ka tafi da kujerar yaron ka ɗaura ta a baya ka gani da idonka, sannan ka zauna a gaba yadda ka saba ka duba ko akwai wurin ƙafarsa.

Bakanike_Dattijo:
Kuma ko wacce zaka yi, taya dai sai ka canza in sun tsufa, ko sayarwa zaka yi sai an duba su. Duba gefen tayar akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara. Ka turo min su da girman da ke jiki in gaya maka wacce zaka sa.